Neman Jami'a a Ƙasashen Waje Idan Makarantarka Ba Ta Koyar da AP ko A-Level

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓa.

Na farko, ku daina razana da sunayen nan: AP, IB, A-Level. Darussa ne masu zurfi da wasu makarantun sakandare ke koyarwa. AP ta hukumar College Board ce a Amurka, makinta daga 1 zuwa 5. IB shekara biyu ake yi, ƙarshen makinta 45. Ɗalibi ya gan su a shafin jami'a, makarantarsu ba ta da ko ɗaya, sai gwiwarsa ta yi sanyi.

To ku saurara da kyau. Manyan jami'o'in Amurka suna auna ɗalibi ne da abin da makarantarsa ke da shi. Ba wanda zai ce ka ɗebo ruwa a rijiyar da ba a haƙa ba. Amma ta ina mai duba takardunka zai san babu? Sai an faɗa masa. Nan takardar bayanin makaranta ke shigowa. Shafi ɗaya ne ko biyu: yawan ɗalibai, darussan da ake koyarwa, yadda ake ba da maki, wane maki ne mafi girma, sannan a rubuta ɓaro-ɓaro cewa makarantar nan ba ta da AP ko IB. A Common App, wato shafin neman shiga jami'o'in Amurka, malamin ba da shawara ne ke tura ta tare da sakamakonka. Babu shi a makarantarku? Shugaban makaranta ko wani malami zai iya tsayawa a matsayinsa. Kuma a fom ɗinsa akwai tambaya kan ko darussan da ka zaɓa su ne mafiya wahala idan aka gwada da na 'yan makarantarku. 'Yan makarantarku fa, ba na duniya ba. In akwai lissafi mai zurfi ka guje masa, wannan zai fito fili.

Iyaye, ku ma da ku nake. Inda ake samun matsala shi ne a bar malamin sai saura kwana uku. Saƙon gayyatar da Common App ke tura masa ya faɗa akwatin tarkacen imel, shi kuma bai taɓa ganin irin fom ɗin ba. Zagayen farko na neman shiga jami'a galibi 1 ga Nuwamba yake rufewa, na biyu farkon Janairu. Ku je ku same shi tun watan Agusta, ku zauna tare. Ina maimaitawa, takardar bayanin makaranta. Ku rubuta ta a littafinku.

Na biyu, ko na uku ne muke? Lokaci na gudu. Birtaniya da Jamus ba haka suke ba, can sharaɗi sharaɗi ne. In takardarka ba ta kai A-Level ba, jami'o'in Birtaniya da yawa suna da shekarar share fage. Jamus tana da irin tata mai suna Studienkolleg, shekara guda, kuma shafin anabin zai nuna maka matsayin takardarka. Ana iya zama A-Level a matsayin mai zaman kansa ta British Council, sai dai darussan kimiyya suna da gwajin ɗakin bincike, ka fara tabbatar da inda za ka yi shi.

Na'am ƙanwata, ɗaga murya.

Ta ce, mutum zai iya karanta AP da kansa ya zauna jarrabawa? Ƙwarai kuwa. Sai ki nemi makaranta ko cibiyar da ke gudanar da ita ta yarda ta yi miki rajista, kuma rajistar tun wajen Nuwamba ake rufe ta. A watan Mayu ake rubutawa, sakamako ya fito a Yuli. Kin ga tarkon? In kika bari sai shekararki ta ƙarshe, jami'o'in sun riga sun yanke hukunci tun Maris ko Afrilu. Don haka ki zauna tun kina ajin kusa da na ƙarshe, ki ɗauki darasi ɗaya ko biyu da suka shafi abin da za ki karanta, kada makin makarantarki ya faɗi saboda su.