Kogin da ake buɗe wa famfo: mako biyu a cikin Grand Canyon

Jama'a, ku dubi ruwan kogin nan da kyau, wanda ke ratsa Grand Canyon, wani makeken kwazazzabo a Amurka. Kore ne shar. Amma sunan kogin Kolorado, wato ja da Sifaniyanci, domin a da jar laka yake kwasowa. Abin da ya sauya shi madatsar Glen Canyon ce, wadda ta fara tare ruwa a 1963. Laka tana kwantawa a bayan dam, ruwan da ake sakowa kuma daga can ƙasan tafki yake fitowa. Shi ya sa da bazara zafi zai haura digiri 40, amma kana tsoma ƙafa a ruwan sai ka janye ta ba shiri.

Nan Lees Ferry ne, a jihar Arizona ta Amurka, inda ake hura wa jiragen roba iska a yi lodi. Daga nan zuwa Diamond Creek, ƙasar ƙabilar Huwalapai, kimanin kilomita 360 ne. Jirgi mai inji mako ɗaya ya ishe shi. Mai filafili kuwa sai ya ci mako biyu ko fiye, ana kwana a kan yashin bakin kogi.

To ga inda baƙo ke shan mamaki. Ruwan nan yana hawa yana sauka kowace rana, alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Idan buƙatar lantarki ta ƙaru a birane, sai dam ya ƙara sakin ruwa. Idan ta ragu, a rage. Ka ɗaure jirgi da yamma yana lilo a kan ruwa, gari ya waye ka tarar da shi zaune daram a kan yashi, da kayansa niƙi-niƙi. Sai a taru a yi ta turi kafin a karya kumallo.

Wuraren da ruwa ke haukacewa yawanci a bakin ƙoramu suke, inda ambaliya ta gangaro da duwatsu ta matse kogin. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Crystal, ambaliyar Disambar 1966 ce ta mai da shi abin tsoro. A wani kuwa, mai suna Lava Falls, direbobi kan tsaya su hau tudu su karanci ruwan tukuna. Ku tuna, a 1869 John Wesley Powell, wani Ba'amurke mai binciken ƙasa, ya ratsa nan da kwale-kwalen katako, kuma hannu ɗaya gare shi. Mutum uku cikin tawagarsa sun gaji, suka hau tudu da ƙafa, ba a sake ganinsu ba.

Zango yana da dokokinsa. Ka kakkaɓe takalmi saboda kunama. Ka rufe jaka, don hankakan nan sun iya buɗe zif. Wuta a cikin farantin ƙarfe ake hura ta, tokar ma a kwashe a tafi da ita.

Sai kuma maganar da ba a cika nunawa a bidiyo ba, ku gafarce ni: bayan gida. Ba a tona rami. Yashin ɗan kaɗan ne, dubban mutane ke kwana a kai kowace shekara, kuma babu wata ambaliyar da za ta wanke shi kamar da. Don haka akwatin ƙarfe ake ajiyewa a bayan dutse, asalinsa na zuba harsashi ne. Da safe a toshe shi tsaf, a ɗora a jirgi tare da sauran kaya, har Diamond Creek.