Lacca: Lissafin musanya, da yadda layi biyu ke komawa ɗaya

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Abu uku na zo da su kan lissafin musanya a ilimin sinadarai, wato yadda ake auna saurin ƙwayoyin da ke sauya mazauni alhali a ido komai na nan daram.

Na farko ba zan daɗe ba. A 1850, a Ingila, Thompson da Way suka zuba ruwan gishirin amoniya a ƙasar noma. Ruwan da ya tsatso ya fito da kalsiyam, ƙasa ta riƙe amoniya. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan. Akwai kuma lissafin McKay na 1938 kan musanyar isotop, wato nau'o'in sinadari ɗaya da suka bambanta a nauyi, za mu dawo kansa.

Yanzu ga wanda ke raina. Ku ajiye biro tukuna, ku dube ni.

Kun san DMF, ruwan nan da muke narka sinadarai da shi. Kowace ƙwayarsa tana da rukunin metil biyu (metil shi ne kabon ɗaya mai riƙe da haidirojin uku) a jikin naitirojin ɗaya: ɗaya yana kusa da oksijin, ɗayan yana nesa. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da naitirojin yana da ɗan tauri, ba ya juyawa cikin sauƙi. Saboda haka in ka sa shi a na'urar NMR, wadda ke amfani da maganaɗisu mai ƙarfi ta zana layukan da ke nuna ginin ƙwaya, da zafin ɗaki, metil ɗin nan layi biyu za su ba ka, sirara. Biyu fa.

Sai ka fara ƙara zafi. Layukan su yi kumburi, su matso, su matso, su haɗe su zama tudu ɗaya mai faɗi. Ka ƙara zafi, tudun ya tsuke ya koma layi ɗaya tsaf. Ranar da na fara ganin wannan a takarda, sai da na jera takardun a tebur ina bin su da yatsa. Ba abin da ya ƙone, ba abin da ya ɓace, juyi ne kawai ya yi sauri.

Wa ya taɓa wasa da bakin wuta da daddare? Kai da ke dariya, na san ka sha faɗan Inna! In ka kaɗa shi a hankali, ido zai ga garwashin nan, ya gan shi can. In ka yi sauri, sai zare ɗaya na wuta. Na'urar ma haka take, sai dai ita matsakaicin wuraren biyu take nunawa.

Gutowsky da Holm suka auna wannan a 1956. A 1958 McConnell ya ɗauki lissafin NMR da Bloch ya tsara a 1946, ya rubuta shi sau biyu, ɗaya ga kowane mazauni, ya ƙara abin da ke fita daga nan yana shiga can. Shi ke nan fa! Daga ciki ake samun cewa daidai lokacin haɗewa, in mazaunan biyu kunnen doki suke, saurin musanya ya kai tazarar layukan sau 2.22. In tazarar haz 50 ce (haz shi ne ma'aunin yawan kaɗawa a daƙiƙa), musanya kusan sau 111 ke nan a daƙiƙa. Ka auna abin da ido bai taɓa gani ba, da rula.

To, na biyu... ko na uku muke? Na'am, 'yata, faɗi.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko zafin haɗewar ɗaya ne a kowace na'ura.)

Allah ya yi miki albarka, a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. A'a. Tazarar tana bin ƙarfin maganaɗisu. In ya ninka sau huɗu, haz 50 ta zama 200, sai musanya ta kai 444 kafin layukan su haɗe, dole ki ƙara zafi. Ƙwayar ba ta sauya hali ba. Don haka duk wanda ya rubuta mini zafin haɗewa, ya rubuta ƙarfin na'urar a gefensa. An kira salla ko? To, McKay sai mako mai zuwa, ku taho da takardar zana jadawali.