Ƙananan Ƙungiyoyin Kirista a Gabashin Afirka

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau zai duba wata hanya da mabiya ɗarikar Katolika a gabashin Afirka suka jarraba domin bangaskiya ta yi saiwa a zukatan mutane.

A shekarar 1973, da kuma 1976, bishop-bishop na AMECEA, wato ƙungiyar bishop-bishop na Katolika a ƙasashen gabashin Afirka, sun taru a Nairobi, inda suka amince cewa gina ƙananan ƙungiyoyin Kirista a unguwanni shi ne aikin da za su sa a gaba. Dalilinsu a fili yake, domin limamin coci guda ne ke kula da ƙauyuka da dama, kuma wanda ya zo sujada ranar Lahadi a cikin ɗimbin jama'a yana iya komawa gida ba tare da kowa ya san damuwarsa ba.

Tsarin ba shi da wuya. Iyalai kaɗan da ke maƙwabtaka suna haɗuwa a gidan ɗayansu sau ɗaya a mako, yawanci ba tare da limami ba. Da yawansu suna bin matakai bakwai da cibiyar Lumko ta Afirka ta Kudu ta tsara: a karanta aya daga Littafi Mai Tsarki, a yi shiru na ɗan lokaci, sannan kowa ya faɗi abin da ya taɓa zuciyarsa, ba wa'azi ba muhawara, kafin a tattauna wane mara lafiya za a gaisar, wace gwauruwa za a taimaka wa. A ganinmu nan ne ƙarfin tsarin yake, saboda tsohuwar da ba ta taɓa buɗe baki a majami'a ba tana samun damar magana, kuma a saurare ta. Kiristocin arewacin Nijeriya da suka san tarukan addu'a na ƙungiyar yaɗa bishara ta Sabon Rai Don Kowa ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Sai dai akwai abin damuwa. A wurare da yawa mata ne ke riƙe da tarukan, maza da matasa kuwa sun ja baya. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda wasu majami'u suka mai da ƙungiyoyin hanyar tara gudummawa, har ma sai shugaban ƙungiya ya sa hannu kafin a yi wa yaro baftisma ko a ɗaura aure. Muna roƙon shugabannin ikilisiya su sake duba wannan sharaɗi, domin wanda neman takarda ya kawo shi taro ba zai faɗi abin da ke ransa ba.