Me ya sa ake auna jariri kafin a yi masa allura?

Ga jariri ɗan kwana huɗu an kawo asibiti a Marwa, ƙasar Kamaru. Ya ƙi kama nono, jiki ya yi zafi rau, kaka tana ta roƙo: "Malama, don Allah a yi masa allura." Malamar kuwa sikeli ta fara jawowa.

Ba jan rai take yi ba. Idan ana zaton ƙwayoyin cuta sun shiga jinin jariri, magani biyu ake haɗawa, amfisilin da jantamaisin, kuma ba a ƙiyasta su da ido. Da kilo ake lissafi, da kuma kwanakin haihuwa.

Ɗauki jantamaisin. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, jaririn da bai cika mako ba miligiram 5 ake ba shi a kan kowane kilo, sau ɗaya a rana. Mai kilo 3 zai samu 15 ke nan. In bai kai kilo biyu da rabi ba a haihuwa, kamar yawancin bakwaini, sai a sauko zuwa miligiram 3 a kowane kilo. Bayan suna kuma a hau zuwa 7 da rabi. Amfisilin miligiram 50 ne a kowane kilo, sau biyu a rana kafin suna, sau uku bayansa.

Me ya haɗa suna da magani? Ƙoda. Ƙodar sabon haihuwa ba ta yi ƙwari ba, a hankali take tace magani. In jantamaisin ya taru a jiki, yana iya taɓa ƙodar, ya kashe ji. In kuma ya yi kaɗan, cutar ta ci gaba da cin yaro. Shi ya sa raba ragowar maganin yayansa, ko allurar mai talla a kasuwa, ganganci ne.

To idan damina ta yanke hanya, ko babban asibitin Garwa ya yi nisa fa? Tun 2015 hukumar ta yarda ƙwararren ma'aikacin ƙaramin asibiti ya yi allurar jantamaisin, uwa kuma ta ba da maganin sha, amoksisilin, safe da yamma har kwana 7. Amma ban da jaririn da ke jijjiga, ko wanda sam ba ya iya tsotso ko motsi. Shi kam, allurar farko kawai za a yi masa, a nemi mota ko babur a wuce da shi, ko da ba a yi suna ba.