Girman Banki Daban, Lafiyarsa Daban: Lacca Kan Haɗewar Bankuna da Kuɗin Ajiyarku

An kwafo wannan daga rikodin laccar da aka yi wa manoman riɗi, fataken dabbobi da matan adashe a yankin Gumel, jihar Jigawa. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin mai gari. Malamai, alhazai, iyayenmu mata da ke can baya, barkanmu da warhaka.

Tambayar da aka turo tun kafin a zauna ɗaya ce, ko da yake bakuna da yawa ne suka yi ta: an ce bankuna za su haɗe, to wanne ne babba mu kai kuɗinmu can? Zan amsa, amma ita kanta tambayar tana buƙatar gyara.

Idan jarida ta ce banki kaza shi ne na ɗaya, da wane mudu aka auna? Akwai mudun jimillar kadara, akwai na kuɗin da jama'a suka ajiye, akwai na jarin masu bankin, akwai na darajar hannun jarinsa a kasuwa. Wani ma rassa yake ƙirgawa. Shi ya sa bankuna uku za su iya fitowa a rediyo kowanne ya ce shi ne kan gaba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Mujallar The Banker ta Landan, mai fitar da jerin manyan bankuna 1000 na duniya duk shekara, da jari take aunawa. Masu talla kuwa sun fi son mudun kadara, don lambarsa ta fi cika baki.

To mece ce kadarar banki? Kaso mai tsoka a cikinta bashi ne da ya bai wa mutane da kamfanoni da gwamnati. Kuɗin da ya bayar ɗin kuma yawancinsa ba nasa ba ne, naku ne. Ranar da ka kai kuɗin riɗinka ka ajiye, kai ne ka ranta wa banki.

Ku da kuka san Maigatari ranar Alhamis, ku ɗauki makiyayi mai garken shanu 100. Kowa na cewa wane ya tara. Alhali 90 na kiwo ne aka ba shi, 10 ne kawai nasa. Idan ciwo ya shiga ya kashe 6, zai cike wa masu shanu daga nasa, ya tsira da 4. Idan 15 suka mutu fa? Nasa sun ƙare, ya shiga dukiyar mutane, amma mai wucewa yana ganin garke na 85 yana cewa masha Allah. Shanun nan 10 su ne jari. Waɗanda suka mutu su ne ruɓaɓɓen bashi, wanda aka karɓa ba a biya. Saboda haka Babban Bankin Najeriya ya ce jarin banki kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na kadarorinsa masu haɗari, mai rassa a ƙasashen waje kuma kashi 15, sannan ruɓaɓɓen bashi kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na duk bashin da ya bayar. Jerin girma ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Dattawa za su tuna 2004. A watan Yuli na shekarar, gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jari daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, ya ba da wa'adi zuwa ƙarshen 2005. Bankuna 89 ne a lokacin. Da ƙura ta lafa 25 suka rage, 14 kuma aka karɓe lasisinsu. A nan ne Bank of the North, mai hedkwata a Kano, ya shiga cikin bankuna tara da suka zama Unity Bank. Habib da Platinum suka zama Bank PHB. Standard Trust ya haɗe da UBA.

Bankuna suka wayi gari da jari jingim, ba su da isassun wuraren zuba shi. Sai aka shiga tseren girma. Aka riƙa bai wa mutane bashi su sayi hannun jari, wani lokacin ma hannun jarin bankin da ya ba su bashin, jinginar kuma ita ce hannun jarin da aka saya. Aka zuba wa masu shigo da man fetur. Muddin farashi na hawa, kowa gwani ne. Amma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Miyar ta ƙare a 2008. Ranar 15 ga Satumba bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe. Kwana goma bayan haka hukuma ta rufe Washington Mutual, mai kadarar da ta haura dala biliyan 300, aka miƙa shi ga JPMorgan Chase. Misalin da na fi so ku riƙe shi ne Royal Bank of Scotland. A 2007 shi da wasu bankuna biyu suka sayi ABN AMRO na ƙasar Holan, ya zama bankin da ya fi kowanne kadara a duniya. Shekara guda bayan haka sai da gwamnatin Birtaniya ta tallafe shi, abin da ta zuba ya kai fam biliyan 45. Na ɗaya a jeri ke nan.

Guguwar ta iso mana ta ƙofa biyu. Gangar ɗanyen mai ta faɗo daga dala 147 a Yuli zuwa ƙasa da dala 40 a Disamba, kasuwar hannun jari ta Legas kuma ta zube. Jinginar da bankuna suka riƙe ta koma takarda. Ranar 14 ga Agustan 2009, Sanusi Lamido Sanusi, wata biyu da zamansa gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da FinBank, ya zuba musu naira biliyan 420. A Oktoba aka ƙara da wasu, jimilla ta kai biliyan 620. Intercontinental da Oceanic ba ƙanana ba ne, suna cikin na sama-sama, rassansu ko'ina, gilasai na walƙiya.

Ku bi sawun abin da ya biyo baya, a nan darasin yake. A 2010 aka kafa AMCON don ta sayi ruɓaɓɓun basussuka. A 2011 Afribank ya koma Mainstreet, Bank PHB ya koma Keystone, Spring ya koma Enterprise, duk a hannun hukuma. Access ya ɗauki Intercontinental, Ecobank ya ɗauki Oceanic, FCMB ya ɗauki FinBank. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu a wannan zagayen ba, masu hannun jari ne suka sha kashi. A 2014 Skye ya sayi Mainstreet, Heritage ya sayi Enterprise. A 2018 aka karɓe lasisin Skye, ya koma Polaris. Ranar 3 ga Yunin 2024 aka karɓe na Heritage, shi kuwa rushe shi aka yi gaba ɗaya. Ban ce sayen nan kaɗai ne ya kashe su ba, akwai ruɓaɓɓen bashi da sakacin shugabanci. Amma wanda ya haɗiyi taɓarya ai zai kwana a tsaye. A ɗaya gefen, Access ya haɗiye Intercontinental, ya ƙara da Diamond a 2019, ya kuma narkar da su. Ke nan haɗewa ba magani ba ce, ba kuma cuta ba ce. Abin dubawa shi ne wane ne ya haɗiye wane, da kuma ko cikinsa zai ɗauka.

Maganar ta sake tasowa ne saboda a Maris 2024 Babban Banki, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga jari: biliyan 500 ga mai lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga mai aiki a faɗin Najeriya, biliyan 50 ga na shiyya, da wa'adin 31 ga Maris 2026. A Agustan 2024 kuma ya amince da shirin haɗewar Unity da Providus.

Sai ra'ayin jama'a, abin da ake faɗa a layin ATM da wurin mai shayi. Kada a raina shi. Idan kana son sanin bankin da tura kuɗinsa ba ya maƙalewa ranar kasuwar Gujungu, ko wanda ke saurin dawo da kuɗin da aka cire ba su fito ba, tambayi mai POS, ya fi manaja sani. Kamfanin KPMG ma yakan yi irin wannan binciken duk shekara, ya jera bankuna bisa yadda suke kula da abokan hulɗa. Sai dai duk wannan hidima yake aunawa. Mai ajiya yana ganin fara'ar ma'aikaci da sanyin ɗaki, ba ya ganin littafin bashi. Banki na iya zama mai ladabi yana kan gargara.

Ra'ayin jama'a kuma yakan zama wuta. Babu bankin da ke ajiye duk kuɗin mutane a ɗaki. Ƙa'idar Babban Banki ita ce kashi 30 cikin 100 su kasance kuɗi a hannu ko abin da za a iya mayarwa kuɗi nan take. Idan kowa ya zo rana ɗaya, lafiyayye ma zai tangaɗi. An ga layi a ƙofar Northern Rock a Ingila a 2007. A Maris 2023 masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 daga Silicon Valley Bank a yini guda, yawancinsu ta waya da kwamfuta, washegari aka rufe shi. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba, wanda ke cewa a kwashe kuɗi kafin Juma'a, kada ka zama kai ne mai tura shi gaba.

Alamun da suka cancanci a kula su ne waɗannan: banki ɗaya tak yana ta ɗaga maka ranar biyan babban kuɗi mako bayan mako alhali maƙwabtansa na biya, yana tayin riba a kan ajiya wadda ta zarce ta kowa nesa ba kusa ba, ya daɗe bai wallafa rahoton kuɗinsa na shekara ba. Ƙarancin takardar kuɗi irin na farkon 2023, lokacin canjin naira, wannan kowa ya shafa, ba shaidar ciwon wani banki ba ce.

Idan bankinka zai haɗe da wani, ba dare ɗaya ake yi ba. Sai Babban Banki ya yarda, hukumar kula da hannun jari ta duba, masu hannun jari su kaɗa ƙuri'a, Babbar Kotun Tarayya ta sa hannu. Kuɗinka zai koma sabon bankin har kwabo, bashin da ake bin ka ma haka, kada wani ya yi murna. Inda ake samun tangarɗa shi ne lokacin haɗa na'urorin bankunan biyu: manhaja da lambar da ake dannawa a waya sukan canja, tura kuɗi ya riƙa tsayawa na ɗan lokaci, rassa biyu da ke kusa da juna a rufe ɗaya. Don haka tun kafin ranar, je ka karɓi takardar bayanin asusunka mai hatimi. Ka tabbata sunan da ke kan asusun ya yi daidai da na BVN da na katin ɗan ƙasa. Muhammadu a nan, Mamman a can, shi ke tsayar da biyan mutum wata da watanni. Asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba yakan kwanta, ka tashe shi. Wanda ya jinginar da takardar fili ko ta gida, ya riƙe shaidar karɓarta. Layin da ka yi rajista da shi kuma kada ka bari ya mutu. Lokacin haɗewa kaka ce ga 'yan damfara: za a kira ka a ce daga sabon banki ne, a karanto lambar da ta shigo wayarka. Babu bankin da ke tambayar lambar sirri. Kashe wayar.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe, wato hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya, wadda aka kafa a 1988. Tun 2024 tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, a da dubu 500 ne. A ƙananan bankunan al'umma miliyan 2. Lissafin na mutum ɗaya ne a banki ɗaya, ba na asusu ɗaya ba. Falke mai miliyan 12 a bankin da aka rushe, ana bin sa miliyan 2: za a cire bashin, saura 10, a biya shi 5, ragowar 5 sai an sayar da kadarorin bankin an karɓo basussuka, ana ba shi kaɗan-kaɗan, abin da kan ɗauki shekaru. Da Heritage ya faɗi, da BVN aka nemo asusun mutane a wasu bankuna aka tura musu. Wanda ba shi da asusu na biyu sai da ya bi layin cike takarda. Kuma ga tarkon haɗewa: mai miliyan 4 a wannan banki da miliyan 4 a wancan, duka a lamunce suke. Ranar da bankunan suka zama ɗaya, yana da 8 a wuri guda, 3 sun fita daga inuwa. Sai ya matsar da su wani banki na daban.

Wata Hajiya daga baya ta tambaya: Malam, mu asusun ƙungiya gare mu, mu arba'in, kuɗin adashe da na taki duk a ciki. Kowacce miliyan biyar ɗin ce?

A'a, Hajiya. Asusun da aka buɗe da sunan ƙungiya, mai ajiya ɗaya ake ɗaukarsa. Idan abin da kuke tarawa kafin damina yana haura miliyan 5, ku buɗe na biyu a wani bankin da ba ya shirin haɗewa da naku, da masu sa hannu iri ɗaya, ku rubuta a littafin ƙungiya nawa ke ina.

Wani dattijo ya ce: Allah gafarta Malam, bankin da ba ya ta'ammali da ruwa fa, shi ma yana cikin inshorar?

Yana ciki, Baba. Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, da sauran irinsa, duk NDIC na lamunce ajiyarsu, ta asusu na daban wanda ba a cuɗa shi da ruwa. Su ma an ɗaga musu jari a 2024, biliyan 20 ga mai aiki a faɗin ƙasa, biliyan 10 ga na shiyya. Iyakar miliyan 5 ɗin nan kuma ta hau kansu kamar kowa, don haka lissafin rabawa da na yi wa Hajiya, kai ma shi za ka yi idan ka sayar da shanu.