Yadda ake lissafa karkatar layi tsakanin ɗigo biyu a Excel

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi zanen da ke kan allo. Ɗigo uku ne, kowanne sakamakon ƙidayar jama'ar Najeriya: a 1963 mutum miliyan 55.7, a 1991 miliyan 89, a 2006 miliyan 140.4. An sha takaddama kan alƙaluman nan, amma su ne na hukuma, kuma sun ishe mu koyon aiki.

Kowa na ganin layin hawa yake yi. Da wane sauri yake hawan? Abin da karkatar layi ke aunawa ke nan: duk taku ɗaya da aka yi gaba, nawa aka hau ko aka sauka. A nan takunmu shekara ce.

Shekarun suna A2 zuwa A4, yawan mutane B2 zuwa B4. Ku danna gidan C3, ku rubuta =(B3-B2)/(A3-A2). Wato ƙarin miliyan 33.3 a raba da shekara 28. Kun gani? Ya ba mu 1.19, kusan mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu duk shekara. Don Allah kar ku manta da bakan nan, wato ( ), in babu su Excel rabawa zai fara yi kafin ragewa, amsar ta lalace.

Yanzu ku kama ɗan kusurwar gidan ku ja zuwa C4. Miliyan 51.4 cikin shekara 15, wato 3.43. Saurin ya kusa ninkawa uku.

A nan ne mutane da yawa ke zamewa. In kuka zaɓi zanen Line, yakan jera shekarun da tazara iri ɗaya, kamar shekara 28 da 15 duk ɗaya ne, sai idonku ya yaudare ku. Ku zaɓi Scatter, shi ne ke ajiye kowane ɗigo a ainihin wurinsa.

Akwai kuma =SLOPE(B2:B4,A2:A4), har a Google Sheets yana aiki. Ku lura, yawan mutane ake fara sawa, shekaru su biyo baya. Zai ba ku kusan 1.87, domin miƙaƙƙen layi ɗaya yake ratsawa ta tsakiyar ɗigon duka. Ni dai in ina son sanin lokacin da abu ya sauya, gidan C nake dubawa, don 1.87 ɗin nan ya haɗiye 1.19 da 3.43 gaba ɗaya.