Kuɗin Baƙo da Rijiyar Ƙauye: Lacca kan Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Damagaram

Assalamu alaikum. Iyayenmu sarakuna, malamai, magadan gari da ɗaliban da suka cika wannan zaure, ina gaishe ku da fatan alheri.

An nemi in yi bayani kan yadda kuɗin masu zuwa kallon daji da namun dawa zai iya gina ƙauyukanmu, kuma zan fara da Kure, kusan kilomita 60 daga Yamai, domin nan ne aka gwada abin a ƙasarmu. A 1996 raƙuman dawan wannan yanki ba su wuce 50 ba, amma bayan shekara ashirin sun haura 500. Dalili kuwa shi ne manomin da raƙumin dawa ke cinye masa wake ya fara ganin amfanin dabbar, saboda ɗansa ya samu aikin yi wa baƙi jagora, kuma an haƙa rijiyoyi, an ba mata ƙananan basussuka da sunan kare ta. Sai ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, baƙi suka ɗauke ƙafa, jagororin suka wayi gari babu abin kai wa gida. Duk wanda zai yi lissafi da wannan kuɗi ya riƙe labarin nan gaba ɗayansa, farkonsa da ƙarshensa.

Mu a Damagaram ba mu rasa abin nunawa ba. Akwai gandun dajin Tarmit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 da faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000 a lokacin, inda ragowar adaks, dabbar sahara mai murɗaɗɗen ƙaho, ke rayuwa. Akwai tafkin Gidimuni da tsuntsayensa, da gonakin gawo da manomanmu suka raya da hannunsu, ga kuma unguwar Birni da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram.

Tambayar ita ce nawa ke saura a ƙauye bayan baƙo ya tafi. Na taɓa raka wata mota da ta zo daga Yamai da direbanta da mai dafa abincinta, har ruwan sha a kwalabe suka ɗauko. Muka tsaya a Mirriya wajen wata mai ginin tukwane, suka yi mata hoto kusan rabin sa'a tana murza yumɓu, ba su sayi ko kasko ba, suka bar mata ƙura. Kuɗin tafiyar nan mai yawa ne, amma an gama rabonsa tun kafin motar ta tashi.

Saboda haka rabon ƙauye ya zama a rubuce cikin doka, kada a bar shi ga kirkin mai mota. Ruwanda ta fara ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gandayen dajinta ga al'ummomin da ke kewaye a 2005, ta ɗaga shi zuwa kashi 10 a 2017, Yuganda kuma tana ba su kashi 20 na kuɗin shiga. Ba na cewa za mu samu irin kuɗinsu, domin a Ruwanda takardar izinin ganin goggon biri dala 1,500 ce ga mutum guda. Tsarin nake so mu ɗauka: kaso sananne, asusu da sunan ƙauye, sa hannun mutum uku har da mace, sannan a karanta lissafi a dandali gaban mai gari da jama'a.

Abin da za a yi da kuɗin ya fi rabon wuya. Tun da kuɗi ne mai zuwa lokacin sanyi ya ɗauke da bazara, wata shekara ma ya ƙi zuwa, kada a ɗora masa albashin malami ko na unguwar zoma. A sa shi a abin da ake yi sau ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, kamar rijiya, ko aji na siminti a madadin rumfar zana, ko rumbun tsimi da ke sayen hatsi da kaka ya sayar da rahusa da damina. In an kafa famfo, a fara karɓar 'yan kuɗin gyara daga masu ɗiba tun ranar farko, domin na san ƙauyen da famfonsa ya yi shekara biyu a mace saboda wani ƙaramin ƙarfe, suna jiran baƙin da ba su dawo ba.

Sannan mu daina ɗaukar cewa baƙo sai Bature. Mutanen Kano, Katsina da Daura suna shigowa kallon hawan Salla, suna kwana a gari, suna cin tuwonmu, suna sayen jakar dukawa, kuma ɗaliban jami'armu da yawa ba su taɓa taka Gidimuni ba. Magadan gari da ke nan, ina roƙonku ku fara ƙidayar waɗannan baƙi daga Sallar da ke tafe, ku rubuta inda suka kwana da abin da suka saya. Yanzu sai mu saurari tambayoyi.